Yadda za a haɗa wa yara abincin makaranta mai gina jiki

Iyaye da dama kan sallami ’ya’yansu zuwa makaranta da biskit da lemon kwalba. Waɗannan kan kashe yunwa na ɗan lokaci, amma ba sa gina jiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Kular yaro tana buƙatar abu uku: mai ba da kuzari kamar shinkafa, doya ko dankali, mai gina jiki kamar wake, alale ko dafaffen ƙwai, sai kayan marmari. Lemu da gwanda suna taimaka wa jiki cin moriyar sinadarin ƙara jini da ke cikin wake.

Yaro ya fi cin abincin da aka zuba kaɗan, aka yanka ƙanana, ana kuma sauya masa kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi jama’a kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi. Don haka a zuba shi da zafinsa cikin kula mai riƙe zafi, a haɗa da gorar ruwa mai tsafta.