Idan giya ta shigo gida: ina ake samun zaman masu son bari?

A ƙungiyoyinmu na asusu, idan mace ta fara fashin zubi sati biyu, sati uku, mukan ce kasuwa ce ba ta ci ba. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma wani lokacin kuɗin zubin ne maigida ko ɗanta ya ɗauke ya kai gidan giya, ita kuma kunya ta rufe mata baki. Da yake addini ya hana, jama'a kuma na ƙyama, mai sha a ɓoye yake sha, iyalinsa ma a ɓoye suke wahala. Kuma ba maza kaɗai ba ne, akwai mata masu sha, nasu ɓoyon ya ma fi tsanani.

Wata dubara da ta taimaki mutane da yawa a duniya ta yi kama da tamu. A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka lura cewa idan suna zama suna gaya wa juna gaskiya, sun fi iya riƙe kansu. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcooliques Anonymes, wadda ake taƙaitawa AA. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta cikakken suna, abin da aka faɗa a zaman kuma a nan yake tsayawa. Sharaɗi ɗaya ne: mutum ya kasance yana son ya bari. Ba a ce masa ya yi rantsuwar har abada, ana ce masa ya tsallake yau tukuna. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, kuma matar Bill, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa ta. Wannan ta biyun ita ta fi shafar yawancinmu.

To, ina za a nema? Irin wannan zama ba ya da allo a bakin ƙofa, sai an tambaya. Ki fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. Ki jira layi ya ragu, ki ce wa majo ko ungozoma kina da maganar sirri. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su za su ba da takardar zuwa babban asibiti a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. A Yamai, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda aka sani da Pavillon E, yana karɓar masu fama da shaye-shaye. Kada sunan ya tsorata ki, zuwa can ba shi ne hauka ba. Ki tambaye su kai tsaye: akwai waɗanda suka bari da suke haɗuwa? Wace rana? Mai jin faransanci da ke da waya da intanet kuma zai iya shiga zaman AA da ake yi daga nesa, ko kyamara ba sai ya buɗe ba.

Ga wani abu da ya kamata kowace mace ta riƙe. Wanda ya daɗe yana sha kullum, bai kamata ya yanke rana ɗaya ba tare da likita ya gan shi ba. Cikin kwana guda jiki kan fara rawa, ga gumi, ga amai, ga rashin barci. A kwana na biyu zuwa na uku wasu kan faɗi suna fizge-fizge kamar farfaɗiya, ko su rikice suna ganin abin da babu. Mutane kan ce iskoki ne, a kulle shi a ɗaki. A'a, ƴar'uwa, wannan yana iya kisa, asibiti ake kai shi a take. Idan yana haɗawa da tramol ma, a faɗa wa likita, kar a ɓoye. Kuma kar ki zuba masa wani magani cikin fura ko tuwo a sace.

Idan an duba garin babu zaman, ana iya fara shi. A tsarin AA, mutum biyu ko uku masu son bari sun isa. Rana ɗaya a sati, wuri ɗaya mai sirri, kowa ya yi magana a kan kansa, ba wa'azi, ba gori. Mu da muke riƙe akwati mai makulli uku mun san yadda ake tsare rana da amana. Sai dai zaman mashaya nasu ne, ba mu za mu jagorance shi ba. Namu shi ne na matan da abin ya shafa, kuma a raba shi da ranar zubi, don kar kowa ta gane wa ta tsaya.

Maganar kuɗi kuwa, a ganina ƙungiya ta tsaya da ƙarfi. Asusun taimakon juna zai iya biyan kuɗin mota zuwa asibiti, amma kar a ba da rance don biyan bashin mai giya, gobe sabon bashi zai ci. Wadda take tsoron a ɗauke mata zubi tana iya miƙa shi ga ma'ajiya tun ranar kasuwa. Wanda ya bari ya koma sha, zaman ba ya korar shi, sati mai zuwa ya dawo. Amma idan duka ya shigo, ba a jiran wani zama: ki fita da yara zuwa wajen danginki, a sanar da mai unguwa ko jandarma.