TUKWICIN MAI TONA ASIRIN MACUTA A AMURKA

Manomin da ya ci bashin taki ko na shanun huɗa ya san wuyar al'amarin nan. Ana miƙo masa takarda ya dangwala yatsa, amma lissafin yana can cikin littafin da ba ya gani. In an ƙara masa ruwa fiye da ka'ida, sai ranar da amfanin gona ya zo gida zai ji a jikinsa. Wanda ya san gaskiyar maganar shi ne akawun da ke riƙe da littafin, gama da ɗan gari akan ci gari. To, yaya za a yi akawun nan ya buɗe baki, alhali abincinsa yana hannun maigidansa? Mutanen Amurka sun daɗe suna juya wannan tambaya.

Asalin abin ma daga dawaki ne da alfadarai. A lokacin yaƙin basasarsu, waɗansu 'yan kwangila suka riƙa sayar wa soja dabbobi marasa lafiya da abinci ruɓaɓɓe. Saboda haka a 1863, zamanin Shugaba Lincoln, aka kafa doka cewa duk wanda ya kai ƙarar mai cutar Gwamnati, a raba abin da aka karɓo biyu, a ba shi rabi. A 1986 aka gyara ta, rabonsa ya koma tsakanin kashi 15 da 30 cikin 100.

Bayan rushewar bankuna ta 2008, wadda ta raba mutane da yawa da gidajensu, sai Majalisarsu ta yi wata doka a 2010, ana kiranta Dodd-Frank. Ta yanke cewa hukumar da ke duba cinikin hannun jari, da wadda ke duba kasuwannin da ake yanke farashin alkama da masara da auduga tun kafin girbi, su ba mai tona asiri kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na tarar da aka karɓa, muddin tarar ta wuce dala miliyan 1. A 2023 an ba mutum guda kusan dala miliyan 279.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Wannan doka ita ce ta kafa hukumar tsare hakkin masu cin bashi da masu ajiya a banki, watau talakawa, wadda ta fara aiki a 2011. Sai dai ba ta yanke wa mai kawo mata labari ko anini ba. Abin da ta ba shi kurum shi ne kariya: in an kore shi daga aiki don ya faɗi gaskiya, yana da kwana 180 ya kai kuka ga Ma'aikatar Ƙwadago.

Labarin bankin Wells Fargo ya nuna nauyin abin. A 2016 aka gane cewa ma'aikatansa sun buɗe asusu wajen miliyan 2 da sunayen mutane ba da saninsu ba, don su cika adadin da manyansu suka ɗora musu. Aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikata kuwa kamar 5,300 sun rasa aiki. A 2017 Gwamnati ta umurci bankin ya mayar da wani manaja da ya kora bayan ya kai rahoton zamba, ya kuma biya shi dala miliyan 5.4, shekaru bayan korar. A 2020 ita kanta hukumar ta roƙi Majalisa ta ba ta ikon ba da tukwici.

Waɗansu suna tsoron kada kwaɗayi ya sa a riƙa yi wa mutanen kirki sharri. Tsoron nan yana da hujja. Shi ya sa inda ake biya, ba a ba kowa kome sai labarinsa ya zama sabo ga hukuma, an bincika, an tabbatar, an kuma karɓi tarar. Wanda ya shara ƙarya da gangan ba shi da rabo.

Nijeriya ma ta ɗauki wannan hanya a Disamba 2016, sa'ad da Ma'aikatar Kuɗi ta yi shelar kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 ga wanda ya nuna inda kuɗin Gwamnati na sata suke. Wancan tsari dukiyar hukuma ya dosa, bai taɓo bashin ƙaramin manomi ba.

Saboda haka manomi ya kiyaye kansa. Kada ya dangwala yatsa sai wani amintacce ya karanta masa takardar, ya karɓi rasit a kan kowane biya, ya adana. Akawu kuma ya tuna lambobin da yake rubutawa gumin wani ne na damina guda.