Daga Rajistar Asibiti Zuwa Taswira: Yadda Sabar Nuna Bayanai Ke Aiki

Sabar nuna bayanai kwamfuta ce da ba a kashewa dare da rana. Tana karɓar alƙaluma masu ɗimbin yawa, ta adana, ta yi lissafi, sannan ta miƙa wa mai tambaya su a siffar taswira ko ginshiƙai masu launi. Misalin da ya fi shafar talaka a Najeriya shi ne DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tara alƙaluman asibitoci a kanta. Rahoton asibitocin sha-ka-tafi na ƙaramar hukumar Fagge ta jihar Kano, daga unguwannin bakin Titin Ibrahim Taiwo har Sabon Gari, nan yake zuwa.

Aikin yana farawa ne da biro. Ma'aikaciyar lafiya tana rubuta kowace mai awon ciki da kowane yaron da aka yi wa rigakafi a rajista. Ƙarshen wata a tattara jimilla a fom, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar a kwamfuta, alƙaluman su bi intanet su faɗa sashe na farko na sabar, wato rumbun bayanai, wanda a DHIS2 ake ginawa da PostgreSQL. Rumbun ba ya karɓar lamba tsirara. Kowace sai ta zo da amsar tambaya uku: mene ne aka ƙirga, a ina, kuma a wane wata. Ya kuma san cewa asibiti yana ƙarƙashin mazaɓa, mazaɓa ƙarƙashin ƙaramar hukuma, har zuwa jiha, shi ya sa yake iya haɗa mazaɓu 484 da ƙananan hukumomi 44 na Kano a lamba guda.

Sashe na biyu shi ne wanda jama'a ba su cika sani ba. Da a ce duk wanda ya nemi jadawali sai an tono rumbun tun daga tushe, da sabar ta durƙushe. Saboda haka akan ware lokaci, yawanci da daddare, manhajar ta yi lissafin jimilloli ta jera su a teburan nazari. Haka ɗan kasuwar Kantin Kwari yake yi: ba ya kwance dila a sito duk sanda mai saye ya shigo, tun da safe ya jera samfur a kanta. Amma wannan sauri yana da farashi, domin lambar da aka shigar yau da azahar mai yiwuwa ba za ta bayyana a allo ba sai gobe.

Na uku shi ne manhajar tsakiya, wadda aka rubuta da harshen kwamfuta na Java. Ita ce ke duba wane ne ya shigo da kuma iyakar ikonsa, ta yadda jami'in Fagge ba zai taɓa alƙaluman Dala ba. Ita ce kuma ke ɗauko abin da aka tambaya ta fitar da kaso, kuma nan ne ya kamata a yi hattara. Don a san kashi nawa na yara aka yi wa allura, sai an raba da yawan yaran yankin, wanda ake ƙiyasta shi daga ƙidayar 2006. Fagge kuwa matattara ce. Uwa za ta taso daga Ungogo ko Nassarawa ta zo kasuwa, ta biya asibiti da goyonta. Sai allo ya nuna an wuce kashi 100, alhali akwai yaran unguwar da allura ba ta taɓa ba. Manhajar ba ta yi kuskuren lissafi ba. Abin da aka ba ta ne bai dace da ƙasa ba.

A bakin ƙofar sabar akwai ƙaramar manhaja mai tarbar saƙonni, ta kulle su don kada a leƙa a hanya. Daga nan sai burauzar waya ko kwamfutar mai kallo. Sabar ba hoto take aikowa ba, lambobi ne, burauzar ce ke zana ginshiƙan, abin da ke rage cin data inda sabis ba shi da ƙarfi.

Kano ta ga amfanin irin wannan tsari a yaƙi da shan inna. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta taimaka wajen bai wa masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, sawunsu ya fito a taswira a cibiyar ɗaukin gaggawa, a ga rugar da aka tsallake a koma. Tun Yulin 2014 ba a sake samun ainihin ƙwayar cutar ta daji a jihar ba, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Duk wanda aka nuna wa irin wannan allo, kwamishina ne ko ɗan jarida, ya kamata ya fara tambayar yaushe aka sabunta shi, kuma asibitoci nawa ne suka aiko da rahoton watan.