Fitilar da ke rawa a goshin tsofaffin jiragen ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsallaka layin dogo da daddare ya san matsalar: fitila ɗaya tilo da ke tsaye cak a nesa ba ta nuna wa ido ko jirgin yana kusa, ko da wane gudu yake tafe. Sai mai mota ya ɗauka akwai sauran lokaci. Shi kuwa jirgin kaya mai nauyi, ko direba ya taka birki, yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya.

Wannan ce damuwar kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka a shekarun 1930, lokacin da jirage masu aiki da man dizal, wato gazuwal, suka fara gudun da ba a saba gani ba. Maganin ya fito ne daga wajen ƴan kwana-kwana. Wani ma'aikacin kashe gobara a Cikago, Jerry Kennelly, ya lura cewa mutane sun fi saurin ganin hasken da ke motsi. Da tallafin iyalan Mars, masu kamfanin alewa, aka ƙera fitilar da ta ɗauki sunansu, Mars Light.

Wani ƙaramin inji ne ke juya ta, haskenta yana zana lamba 8 a kwance. Ga wanda ke tsaye a bakin hanya, sai ya ga kamar walƙiya ce ke zuwa tana ɗaukewa. Kamfanin Pyle-National ya fito da tasa, Gyralite, mai kewaya da'ira. A kan wasu jiragen, irin na Southern Pacific, akwai kuma ja: da zarar birkin gaggawa ya kama, sai ta kunna kanta, domin direban da ke tahowa a layin gefe ya san wataƙila tarago ya faɗo masa a hanya. Wannan jar fitilar ita ce dabarar da ta fi burgewa, don ba ta jiran hannun mutumin da ya riga ya firgita.

Sai dai abin da ke motsi yana lalacewa, gyara kuma kuɗi ne. Daga Kanada aka samo hanya mai sauƙi: fitilu biyu a ƙasa, hagu da dama, waɗanda da babbar ta sama suke yin kusurwa uku, ido ya samu abin auna nisa. Tun ƙarshen 1997 dokar Amurka ta wajabta ƙarin fitilu ga jirgin da ke ratsa hanyar mota da gudun da ya haura kilomita 32 a awa. Masu rawa yanzu sun yi ƙaranci, galibi sai a gidajen tarihi da jiragen yawon buɗe ido.

A Nijar, layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka buɗe a 2016, bai zama hanyar sufuri ta yau da kullum ba, don haka akasarin direbobi da ƴan kabu-kabu ba su taɓa jiran jirgi ya wuce ba. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa, zai ratsa ƙauyukan da amalanke da garken dabbobi ke tsallaka hanya dare da rana, ta Katsina da Jibiya har Maraɗi.