"A Cire a Huta": Ɓarnar da Filayar Kasuwa Ke Yi wa Muƙamuƙi

A kasuwannin ƙauyukanmu na yankin Dambatta da Bichi, ba a rasa mai filaya da kwalaben magani yana kiran masu ciwon haƙori. Maganar da ta ishe ni ji ita ce, "A cire a huta, in kuɗi ya zo a dasa wani." Wa ya gaya maka wurin dashen zai zauna yana jiranka?

Taunar da haƙori ke yi ita ke riƙe da ƙashin muƙamuƙi. Da zarar an cire haƙorin, ƙashin sai ya fara zaizayewa kamar kunyar da aka tuge wa shuka. Cikin shekara guda faɗinsa kan iya raguwa da kusan rabi, kuma mafi yawan asarar a wata 3 na farko take. Wannan fa in likita ne ya cire a tsanake. Mai filaya kuwa girgizawa yake yi da ƙarfin tsiya, ya fasa siririn bangon ƙashin, wani lokaci ya bar guntun saiwa tana ruɓa a ciki. Balle filayar da ta fito daga bakin wani ta shiga naka ba a dafa ta ba, ga ciwon hanta yana yawo.

Dashen da ake ta ambato, ƙusar titaniyom ce ake kafawa cikin ƙashi, dabarar da Brånemark na ƙasar Suwidin ya fara gwadawa a jikin ɗan Adam a 1965. In ƙashi ya tafi, sai an sake gina shi: a ɗebo daga haɓar mutum ko ƙugunsa, ko a zuba garin ƙashin saniya da aka tace, a rufe da wata 'yar fata, a jira watanni. Fatar nan wata daga alade ake yin ta, don haka a tambaya. Manomi nawa ne zai iya wannan kashe kuɗi? Taba da ciwon suga ma suna iya hana aikin kamawa.

Haƙori mai kogo sau da yawa ciko kawai yake so. Kanumfari lafar da zafi yake yi, ba ya warkarwa. Ruwan batir da fetur da wasu ke sa wa haƙori kuwa, don Allah a bari, ƙona dasashi suke yi. A riƙe asuwaki da buroshi, a rage alewa ga yara. In kunci ya kumbura har da zazzaɓi, kada a kwana, a nufi babban asibiti mafi kusa ko sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano. In cirewar ta zama dole, likita ya cire, kuma a tambaye shi tun a ranar yadda za a tsare ƙashin.