Tana Kan Gwiwa

Jama'ar Kazaure, Roni da Gwiwa, da 'yan'uwanmu na Babura, sannunku da gida. Iyayena mata, yau shirin naku ne. Maza kuwa kada wanda ya murɗa rediyonsa, don a kanku za mu ƙare.

Mutanen Gwiwa ku yi mini afuwa, yau sai na ari sunan garinku. In aka ce wance tana kan gwiwa, ba a bukatar ƙarin bayani, naƙuda ce ta kama ta. Maganar ta samo asali ne daga yadda iyayenmu da kakanninmu ke haihuwa: a durƙushe, a ƙuryar ɗaki, ungozoma na nan kusa tana jiran yankan cibi. Muna da kalmomi da yawa a wannan fage. Allah ya raba lafiya. Ta sauka. An samu ƙaruwa. Amma ka tambayi mace yaya ciwon yake, sai ta yi murmushi ta ce, "Hmm, ba ya faɗuwa." To, yau za mu gwada faɗarsa.

Yakan fara ne da sanɗa. Mara ta riƙe, kamar ciwon al'ada, baya ya ɗaure, sai ya saki. Har mace ta ce ko wani abu ta ci. Can an jima ya dawo. Ya riƙe, ya saki. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, mahaifa tsoka ce, tsoka mai ƙarfin gaske, tana dunƙulewa tana tura kan jariri ƙasa, tana kuma jan bakinta don ya buɗe. Bakin nan da ya yi wata 9 a rufe ruf, sai ya buɗe har santimita 10 kafin kai ya wuce. Da farko tsakanin murɗa da murɗa akwai tazara, har a yi shara, a ɗora tukunya. In abin ya kankama, duk bayan minti 2 ko 3 yake zuwa, kowace murɗa ta yi kamar minti guda, ta taso daga baya ta zagayo mara ta gangara cinyoyi. Wata ta yi amai, wata jikinta ya ɗauki ɓari, wata gumi ya jiƙa ta ko da tsakiyar hunturu ne. Wadda kuwa ƙeyar ɗanta ta jingina da ƙashin bayanta, ita ce za ka ji tana cewa ƙugunta zai rabe biyu.

Daga nan sai nishi ya zo da kansa, ba a koya wa kowa shi. Mace ta ji kamar bayan gida ya matsa mata, nan kuwa kai ne ya sauko. Lokacin da zai fito, wurin ya yi zafi kamar an zuba barkono. Sai kuka. Kukan jariri. Da yawa za su gaya maka a wannan daƙiƙa ciwon ke ɗaukewa kamar an zare ƙaya, saura mabiyiya, saura kuma ciwon maran da ke tasowa in an ba jariri nono, wanda ya fi damun masu haihuwa ta uku da ta huɗu.

Ni dai a gidanmu naƙudar fari ta same ni, na je goyon ciki. Ciwo ya fara tun bayan isha'i, ban gaya wa kowa ba sai da asuba ta kawo jiki. Na cusa bakin zani a baki na cije. Me ya hana ni magana? Kunya. An riga an gaya mana tun muna 'yan mata cewa wadda ta yi raki ranar haihuwa ta bar abin faɗi, za a yi ta yi mata gori har ɗan ya yi aure. Da gwaggota ta leƙo ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne, "Sannu 'yar nan, kin yi jarumta." Na ji daɗin yabon a lokacin. Yanzu kam in na tuna, tsoro nake ji.

Wannan kunya daɗaɗɗiya ce. Ko a tarihin Baba ta Karo, wanda Baturiya Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, za ka tarar da kunyar ɗan fari. A ƙasar Kazaure kuwa, inda Hausawa da Fulani suka cuɗanya, kunyar ta zama biyu. Ina son kunya, ado ce. Amma ta ja an ɗauka mai shiru ba ta jin ciwo, wadda ta yi kuka kuma raguwa ce.

Wani masani a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, Ronald Melzack, ya ƙirƙiro hanyar auna ciwo ta tambayoyi, ya gwada ta a kan masu naƙuda, ya fitar da sakamako a 1984. Ya samu cewa a jimlace ciwon haihuwar fari ya fi ciwon haƙori, ya fi karaya, ya fi daɗaɗɗen ciwon baya, ya kusa kamo zafin guntule yatsa. Ya kuma samu cewa ba ɗaya ba ne ga kowa: wata da sauƙi take sauka, wata tana ganin lahira kusa. Saboda haka Inna, in taki ta zo da sauƙi, kada ki auna ta surukarki da ita.

Mu da muka je makarantar allo ma ba sai mun je Kanada ba. Suratu Maryam ta ba mu labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Nana Maryam fa! Kuma ba a zarge ta ba. Lallashinta aka yi, aka ba ta ruwa da dabino.

Ga wani labari da ya tsaya mini a rai. Sarauniyar Ingila Biktoriya, 'ya'ya 9 ta haifa. Bakwai na farko haka ta sha su, ba magani, sarauta ba ta rage mata komai ba. A 1847 wani likita a Edinbara, James Simpson, ya fara shaƙa wa masu naƙuda wani ruwa mai suna kulorofom don ya dusashe ciwo. Aka yi ca a kansa, likitoci da dama suka ce ganganci ne. Ranar 7 ga Afrilu 1853, da Sarauniya ta zo haihuwa ta 8, aka kira Dakta John Snow. Ya riƙa ɗiga maganin kaɗan-kaɗan a hankici tana shaƙa duk sanda ciwo ya taso, ba ta fita hayyacinta ba, har ta haifi Yarima Leopold. Ta yaba abin ƙwarai, a 1857 ma ta sake nema. To, tunda Sarauniya ta shaƙa, wa zai ce wa matar talaka ta yi abin kunya? An daina amfani da kulorofom tuntuni. Yau akwai allurai masu rage zafi, akwai allurar baya da ke kashe ciwon daga ƙugu zuwa ƙasa, sai dai ita wannan a manyan asibitoci ake samunta, ba kowa ke iya kuɗinta ba. Amma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar mai naƙuda ta zauna da wanda ta amince da shi, ta yi tattaki, ta sha ruwa, a murza mata baya, ta haihu a yanayin da ya fi mata daɗi. Har da durƙuson kakanninmu ke nan.

Yanzu ga inda shiru ke yin ɓarna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 10 fiye da 8 ba a asibiti ake yin su ba. In mai naƙuda ta cije zani, wa zai san tun yaushe ta fara? Wa zai san ta yini ta kwana? In kan jariri ya tokare, yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ya huje. Yoyon fitsari ke nan. Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, aikin kuturta ya kawo shi Babbar Ruga ta Katsina, da ya ga yawan matan nan sai ya koma ɗinkinsu, ya yi wa dubbai. A nan Jigawa, tun 2008 Ƙungiyar Likitoci Na-gari-na-kowa ke wannan aiki a asibitin Jahun. Yawancin waɗannan mata doguwar naƙuda ce ta kai su.

Ana ɗaga mini hannu, lokaci ya cim mana. Na so mu taɓo wankan jego da kunun kanwa, sai wani jiƙon. A taƙaice dai: naƙudar da ta fara da hantsi har rana ta faɗi ba a sauka ba, a tafi asibiti. Jini ya ɓalle, a tafi. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko jijjiga, a tafi. Faya ta fashe ba naƙuda, ko hannu ya riga kai fitowa, a tafi, kada a tsaya jiƙa saiwa, kada a kira mai aska. Akwai babban asibiti a Kazaure, akwai a Babura.

Maigida, na ce a kanka za mu ƙare. Tun cikin yana wata 7 ka ajiye kuɗin mota, ka riƙe lambar direba, ka bar izini a gida cewa ko ba ka nan a fita da ita. Ke kuma ƙanwata mai cikin fari, da kin ji mara ta riƙe ta saki, ta riƙe ta saki, ki tashi Inna ki gaya mata. Allah ya sauke ku lafiya. Sai mako mai zuwa.