Fatar Shamwa Ko Tawul: Da Me Za Mu Tsane Mota Bayan Wanki?

Mota dukiya ce da magidanci kan yi shekaru yana tara kuɗinta, wani ma da ita yake ciyar da iyali. Amma da yawa daga cikinmu mun fi kula da inji da tayoyi, mu bar fenti a hannun duk tsumman da yaro ya ɗauko. Alhali ranar da za a sayar da ita, fentin ne mai saye zai fara kallo kafin ya leƙa inji.

Tsane mota bayan wanki wajibi ne, domin ruwan rijiya da na burtsatse kan zo da sinadaran ƙasa, waɗanda kan bar fararen ɗige-ɗige idan ruwan ya bushe da kansa. Sai dai a wurin tsanewar ne ake yin ɓarna. Saman fentin motocin zamani akwai wani shafe mai sheƙi wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Ƙwayar yashi kuwa ta fi shi tauri nesa ba kusa ba. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kafin a gama ɗauraye mota wata ƙurar ta sauka. Idan aka ja ta da ƙyalle, sai ta bar siraran zane masu fitowa fili a hasken rana.

Abin da iyayenmu direbobi suka saba da shi shi ne fatar shamwa. Kada mai karatu ya ɗauka shamuwar damina ake nufi. Sunan na wata dabba ce mai kama da akuya, wadda ke zaune a duwatsun Turai, kuma garin Niyor na Faransa ya yi suna wajen jimar irin wannan fata. A yau galibi daga fatar tumaki ake yin ta, a jeme ta da man kifi. Akwai kuma ta roba da ake sayarwa cikin kwalbar leda. Shamwa tana shan ruwa sosai, ana matse ta a ci gaba da aiki, tana kuma daɗewa. Illarta ita ce shafaffiya ce, ba ta da gashin da ƙura za ta shige ciki. Duk ƙwayar da ta tarar, tare za su bi jikin mota.

Tawul mai siraran zare kuwa, wanda ake kira maikurofaiba, daga Japan fasahar zarensa ta bunƙasa wajen 1970. Ana haɗa shi da poliyesta da nailan, sau da yawa kashi 80 da kashi 20. Yana ɗaukar ruwa ninkin nauyinsa sau da dama, gashinsa kuma kan ɗauke ƙura ya nisanta ta daga fenti. Shi ma yana da nasa sharaɗin: idan ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi, ba a mayar da shi kan mota sai an wanke.

A ganinmu, a ƙasa mai ƙura irin tamu tawul ya fi aminci ga fenti, musamman baƙar mota ko mai duhun launi. Wanda yake da shamwa mai kyau ya ajiye ta don gilasai. A guji tsohuwar riga da tawul ɗin wanka, a kuma tuna araha ba ta ado.

Ko wanne aka zaɓa, a yi wanki a inuwa, a ɗauraye sosai, a fara tsanewa daga rufi zuwa ƙasa. A shimfiɗa ƙyallen a ja shi a hankali ba tare da dannawa ba. A ware wani dabam domin ƙafafu da gindin ƙofofi. Shamwa sai an jiƙa ta ta yi laushi kafin aiki, a wanke ta da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, domin omo da zafin rana suna cinye man jikinta. Tawul kuma a wanke shi shi kaɗai, ban da ruwan tausasa tufafi, ban da guga.

Mu zauna da yaran da ke wanke mana mota mu nuna musu wannan da hannunmu. Koyarwar rabin sa'a ta fi kuɗin sabon fenti sauƙi.